Tsofaffin waƙoƙin rock: da wacce zan fara?

Autan Zaure: Assalamu alaikum manyan zaure. Tunda Kawu ya turo mana Sultans of Swing ranar Juma'a na kasa daina maimaita ta, har abokan ɗakina sun sa mini suna Bature. Ina son in shiga harkar da gaske amma ban san ta inda zan kama ba. A ba ni waƙa biyar kacal cikin tsofaffin nan, masu magana ba masu ihu kawai ba. Kuma don Allah a faɗa mini abin da kowacce ke cewa, don Turancin nasu da ƙyar nake tsintar rabi.

Direban Dare: Hotel California ta ƙungiyar Eagles. An gama, a rufe zaure.

Anti Nas: Wa alaikumus salam Auta. Kai kuma Direba kullum Hotel California, ko ita kaɗai aka taɓa rerawa a duniya?

Direban Dare: Anti ita ce ke kai ni Kaduna ban yi gyangyaɗi ba. Ba na cin amanar mai taimakona.

Kawu Mai Faifai: Auta, ita wadda ta kama ka ɗin ma tana da magana. Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits ya shiga wata mashaya a kudancin Landan, ya tarar da wasu makaɗan jazz suna ta zuba kiɗa a gaban kujeru babu kowa sai mutum ƙalilan, da suka gama suka faɗi sunan ƙungiyarsu da alfahari kamar sun cika filin wasa. Shi ne ya rubuta musu waƙa, ta fito a 1978. Kuma da yatsunsa yake kaɗa jitar, ba ya riƙe ɗan robar nan da sauran ke kaɗawa da shi, shi ya sa sautin ya fita daban.

Amma in magana mai zafi kake so, fara da Fortunate Son ta Creedence Clearwater Revival. 1969 ta fito, yaƙin Biyetnam na tsakiyar ci, kuma ba ta kai minti biyu da rabi ba. A lokacin gwamnatin Amurka na ɗibar samari aikin soja dole, kowa kuwa ya san wa ake ɗiba. Ɗan mai hali yana jami'a, takardar jami'a kuma na ɗage wa mutum tafiya. Ɗan lebura ba shi da inda zai ɓuya. John Fogerty da ya rubuta ta shi ma ya sa kaki, a rundunar ko-ta-kwana. Abin da yake faɗa shi ne masu ɗaga tuta da yawan kirarin kishin ƙasa ba 'ya'yansu ke mutuwa ba. Bai taɓa sojan da aka tura ba, wanda ya tura shi ya yi wa tatas. In ka gama da ita ka bi da War Pigs ta Black Sabbath, 1970. Magana ɗaya ce, sai dai su sun kai ƙarar har ranar hisabi, inda masu shirya yaƙin ke rarrafe suna neman afuwa.

Ustazu: Black Sabbath? Kawu da girmanka? Yaro ya ce a ba shi shawara ka miƙa shi hannun 'yan tsafi.

Direban Dare: An zo wajen. Ustazu da ma yana laɓe.

Ustazu: Ba laɓewa nake ba. Ba mawaƙinsu ne ya gatsa kan jemage a kan dandamali ba?

Kawu Mai Faifai: Shi ne, Ozzy Osbourne, a 1982, lokacin ma ya bar ƙungiyar. Wani ɗan kallo ne ya jefo jemagen, shi kuma ya ce ya ɗauka na roba ne, ya ƙare da allurar cizon mahaukacin kare. Ba zan wanke shi ba, mutumin ya yi shirme iri-iri a rayuwarsa. Amma mafi yawan baitocin ƙungiyar mai jitar bes ne ya rubuta, Geezer Butler, wanda ya tashi a gidan 'yan Katolika, kuma in ka bi su za ka ga tsoratarwa suke da shaiɗan, ba kiransa ba. Yaran talakawa ne daga Birmingham, garin masana'antu. Mai jitarsu Tony Iommi yana da shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya sa siraran tsirkiya, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don kada su riƙa yi masa ciwo. Sassautawar nan ce ta ƙara wa sautin nauyi da duhu. Duk abin da ake kira heavy metal yau, daga Metallica zuwa ƙasa, ya sha daga hannun nan mai guntayen yatsu.

Ustazu: Allah Ya kyauta. Ni dai na faɗa.

Anti Nas: Ka faɗa, mun ji. Amma ranar walimar zaure wa muka kama yana kaɗa ƙafa da aka sa Another One Bites the Dust?

Ustazu: Sauro ne.

Ɗan Situdiyo: Hahaha. Auta, ni ta wata fuska zan zo maka, don ni magana ba ta dame ni ba, kiɗa nake ji. Sa iyafis mai kyau ka buɗe When the Levee Breaks ta Led Zeppelin, 1971. Daƙiƙun farko ganga ce zalla. An ajiye gangunan John Bonham a zauren wani tsohon gida mai bene da ake kira Headley Grange, aka rataya makirufo biyu can sama a matakala, shi ya sa kake jin gangar kamar a cikin rijiya ake buga ta amma ba ta rasa ƙarfi ba. Beastie Boys sun yanke ta sun ɗora rap a kai a 1986, daga nan kowa ya riƙa yanka. Shekarar nan dai Run-DMC suka ɗauko Walk This Way ta Aerosmith, wadda ta fito tun 1975, suka sake ta tare da masu ita. Waƙar nan ce ta buɗe wa rap ƙofar gidajen rediyon da ba sa sa waƙar baƙar fata, ta kuma tashi Aerosmith daga suma. Dream On ɗinsu Eminem ya ɗauka, Kashmir ta Led Zeppelin kuma Puff Daddy ya ɗauka a 1998 har da mai jitarsu Jimmy Page da kansa a kan jita. Power ta Kanye West, muryar nan mai tsawa daga King Crimson take, 1969. Yaran da ke zuwa wurina suna cewa rock kiɗan tsofaffi ne, ba su san kullum shi suke ji ba.

Direban Dare: Wato sata ce sana'arku.

Ɗan Situdiyo: Aro ne Yaya, kuma ana biya.

Direban Dare: Kai kana biya?

Ɗan Situdiyo: A bar kaza cikin gashinta.

Malam Ticha: Na so in yi shiru amma tunda maganar saƙo ake, Auta ka ji abin da waƙa mai saƙo ta ja mini, sai ka san inda za ka kunna ta.

Lokacin ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi, muna kan darasin waƙoƙin bore da 'yan aji biyu na babbar sakandare. Littafin da aka ba mu ya bushe, yara suna ta hamma. Sai na ce bari in kawo musu abu mai rai. Na zo da 'yar sifikata, irin mai kama da gwangwanin madara ɗin nan, na rubuta baitocin Another Brick in the Wall kashi na biyu a allo, na yi musu bayani tun kafin in kunna. Na gaya musu Roger Waters na Pink Floyd ne ya rubuta, cewa mahaifinsa ya mutu a yaƙin duniya na biyu a Italiya a 1944 yana jariri, cewa ya yi makaranta a Ingila a hannun malamai masu jin daɗin kunyata yaro a gaban aji. Na ce faifan The Wall gaba ɗaya, na 1979, labarin mutum ne da kowane rauni da aka yi masa ya zama tubali, har ya gine kansa a cikin katanga. Mugun malami tubali ɗaya ne, rashin uba tubali ne, uwa mai tsananin tsaro tubali ce. Na maimaita musu cewa ba ilimi ake zagi ba, zalunci da sunan ilimi ake zagi. Yaran sun gane, wallahi sun gane. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ranar ta yi magana har sai da na dakatar da ita.

Matsalar amshi ce. Amshin waƙar yara 'yan makaranta ne suka rera shi, 'yan wata makaranta a Islington, kuma yana shiga kai ya ƙi fita. Kafin a tashi tara ajin gaba ɗaya ana buga benci da shi. Washegari ya haura bene. Ranar Litinin a asambuli, malamin ladabtarwa ya ɗaga bulala zai zane wasu makararru, sai aka ji layin baya sun fara gunjinsa ƙasa-ƙasa, baki a rufe, ba ka iya cewa ga mai yi. Ni ina tsaye a gefe na ji gumi ya karyo mini.

Kafin azahar an kira ni ofis. Ashe wani uba ya riga ya kira mai makaranta, ya ce 'yarsa na yawo a gida tana waƙar ba ta bukatar karatu, shi kuma yana biyan kuɗi masu yawa. Na ce a ba ni minti biyar in yi bayani. Mai makaranta ya ce bayanin me, ba ga shi an rubuta a allo ba? Wani ya riga ya ɗauki hoton allon. Aka ba ni takardar tuhuma, aka yanke mini albashi, aka ƙwace sifikar aka sa a durowa. Abin da ya fi ci mini rai, malamin da yaran ke yi wa gunjin, wanda kowa ya san yana kiran yara da sunayen dabbobi, shi aka sa a kwamitin da zai bincike ni. Na ƙarasa zangon na ajiye aikin. Sifikar har yau tana can.

Saboda haka Auta, waƙar na cikin biyar ɗina, amma ka ji faifan daga farko zuwa ƙarshe, kai kaɗai, kafin ka tura wa kowa guntu.

Direban Dare: Allah Ya jiƙan sifika.

Kawu Mai Faifai: Malam ba kai ne farau ba. A 1980 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta waƙar, saboda ɗalibai sun mayar da ita taken ƙaurace wa makarantu a kan ilimin ƙasƙanci da ake ba su. Ka ga kai albashi kawai aka taɓa.

Anti Nas: Ku yi haƙuri, ni ina bayan uban nan. Malam, kai ka san Roger Waters da tarihin babansa, shi uban me ya sani? Ya dawo daga kasuwa a gajiye ya ji 'yarsa na rera abin da ya ji. Ko ni ce sai na kira makaranta. Yara 'yan shekara sha biyar amshi suke ɗauka, ba sharhi ba.

Malam Ticha: Anti, da ya kira ni ai da na gamsar da shi. Kuma yaran ba amshi kawai suka ɗauka ba, sun san sarai wanda suke yi wa.

Anti Nas: Shi ne ai abin da ya tsorata mai makarantar.

Malam Ticha: To ya gyara malaminsa mana.

Admin: Jama'a maganar makarantun kuɗi tana da nata zauren. Mun yi wannan rigimar da azumi, ba mu sake ta.

Anti Nas: Na bari. Auta ga nawa, tunda mazan nan sun cika maka kunne da yaƙi da bulala kamar babu mace a harkar. Nemi faifan Rumours na Fleetwood Mac, 1977. Mutum biyar ne a ƙungiyar, huɗu daga ciki masoya ne biyu-biyu, kuma duk suna tsakiyar rabuwa suka shiga situdiyo. John da Christine McVie aurensu ya mutu, Stevie Nicks da Lindsey Buckingham soyayya ta watse. Shi ya rubuta Go Your Own Way yana yi mata habaici, ita ta rubuta Dreams tana mayar masa cikin sanyin murya, kuma dole kowa ya yi wa ɗan'uwansa amshi a waƙar da ake zaginsa. Ni ban san wani azabar aiki da ya kai wannan ba. Sai Gimme Shelter ta Rolling Stones, 1969. Ba don mawaƙinsu Mick Jagger ba, don Merry Clayton. Cikin dare aka taso ta daga barci tana da ciki, ta zo ta rera, a tsakiya muryarta ta tsage don ƙarfi, aka bar tsagewar a faifan. In ka kasa kunne za ka ji wani ya yi ihun mamaki a baya.

Sannan gargaɗi. Kada ka tura wa budurwa Every Breath You Take ta The Police. A dinar wata 'yar'uwata mai gabatarwa ya sa ta amarya da ango suna shigowa, mutane har da hawaye. Waƙar mutum ce mai mugun kishi da ke bibiyar macen da ta bar shi, yana gaya mata duk motsinta idonsa na kai. Sting, mawaƙin ƙungiyar, da kansa ya sha faɗa cewa ba waƙar soyayya ba ce.

Ɗan Situdiyo: Ita ce Puff Daddy ya mayar ta'aziyyar Notorious B.I.G. a 1997. Da yawa a nan ta can suka san kiɗan.

Kawu Mai Faifai: Haka Born in the U.S.A. ta Bruce Springsteen, 1984. Amshin kamar taken ƙasa, baitocin kuwa kukan tsohon soja ne da ya dawo daga Biyetnam ya rasa aikin yi. Har Shugaba Reagan ya yabi mawaƙin a yaƙin neman zaɓe, 'yan siyasa na ta sa ta a gangami. Ba a nan kaɗai ake jin amshi a bar baiti ba.

Malam Ticha: Na gode Kawu. A tura wa wancan uban.

Badamagare: Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina mamaki. An cika zaure da sunaye babu wanda ya ce Jimi Hendrix. Auta, All Along the Watchtower. Bob Dylan ya yi ta a 1967 da jitar katako, Hendrix ya ɗauka a 1968 ya sa mata wuta, har shi Dylan ya koma rera ta irin ta Hendrix. Kada ka tambaye ni ma'ana, mutum biyu ne ke hira suna neman mafita, ga mahaya na tahowa, ga iska ta taso, sai waƙa ta ƙare. Sauran maganar jita ce ke yi. Bahago ne, ya juya jitar 'yan dama ya sake mata tsirkiya. Ya mutu a Landan a 1970 yana da shekara 27.

Kuma ku da kuke neman tasirin rock a wajen 'yan rap na Amurka, ku ɗago kai ku dubi arewa da ku. Bombino na Agadas, lokacin da tawayen Abzinawa na 1990 ya kore su gudun hijira, bidiyon Hendrix da na Knopfler ɗin nan naku yake kallo yana koyo. Dan Auerbach na Black Keys ya kai shi Nashville suka yi faifan Nomad, wanda ya fito a 2013. Mdou Moctar shi ma bahago ne, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Ku saurari Afrique Victime ta 2021 sannan ku gaya mini rock ya mutu. Tinariwen na Mali sun ci Grammy a 2012. A wurinmu bikin aure ne ake jona jita da janareta a yi ta har dare, ba abin tarihi ba ne.

Direban Dare: Mutanen Nijar sun iso. Yanzu za a ce su suka ƙirƙiri jita.

Badamagare: Ba mu ƙirƙira ba, mun dai iya. Ku me kuka yi da ita? Fiyano da otocun.

Ɗan Situdiyo: Tsaya nan Yaya. Faifan farko na Mdou Moctar, Anar, a ina aka ɗauke shi a 2008? A Sakkwato. Da me? Da otocun ɗin nan da kake rainawa, irin na waƙoƙin fim ɗinmu. Da shi ya yaɗu a memori daga waya zuwa waya har Turawa suka ji.

Badamagare: Wannan gaskiya ne. Amma da ya girma ai ya ajiye.

Ɗan Situdiyo: Ya dai ci gishirinmu.

Kawu Mai Faifai: Kada Badamagare ya yi mana gori da yawa. Bayan yaƙin basasa Najeriya ta yi 'yan rock na gaske, Ofege, BLO, Funkees, muna ɗalibai muna sayen faifansu. Ginger Baker mai gangar Cream ya ratso Sahara da mota ya zo Legas, ya yi faifai da Fela a 1971. Paul McCartney na Beatles kuwa faifansa Band on the Run a Legas ya ɗauki mafi yawansa a 1973, a situdiyon EMI na Apapa. Mai gangarsa ya fasa tafiyar ana gab da tashi, dole shi ya zauna a kan ganga. 'Yan fashi suka tare shi da wuƙa da dare suka tafi da jakar da kaset ɗin gwajin waƙoƙin ke ciki. Fela kuma ya fito ya ce ya zo satar kiɗan Afirka, sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da suka ɗauka ya ji babu kiɗansa a ciki. Jingo ta Santana, 1969, ta Babatunde Olatunji ce, mutumin Ajido kusa da Badagry.

Ustazu: Ka ga Fela ya san halinsu.

Malam Ticha: A nan ina tare da Ustazu. Ana ta yabon Led Zeppelin amma ba a faɗi cewa When the Levee Breaks ɗin ma ta Memphis Minnie da Kansas Joe McCoy ce ta 1929 ba, a kan ambaliyar kogin Mississippi ta 1927 da ta raba dubban baƙaƙen fata da gidajensu. Ita dai sun sa sunan Memphis Minnie. Whole Lotta Love kuwa sai da Willie Dixon ya kai su kotu a 1985 kafin sunansa ya hau, alhali baitocin daga waƙarsa suke, wadda Muddy Waters ya rera tun 1962. Rolling Stones sunansu ma daga waƙar Muddy Waters suka samo shi. Ita kuwa Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jitar lantarki a waƙoƙin coci tun waɗannan ba su iya ɗaura wando ba.

Ɗan Situdiyo: Ba a musu. Amma Malam, saurari ta 1929 ka saurari ta 1971. Baiti ɗaya ne, duniya biyu ce. Gangar nan ba a cikin tsohuwar take ba.

Malam Ticha: Ban ce ba su ƙara komai ba. Cewa na yi su biya.

Ɗan Situdiyo: Ƙarar da aka kai Led Zeppelin cewa sun saci kiɗan Stairway to Heaven ai su suka ci, har ɗaukaka ƙara a 2020.

Malam Ticha: Cin shari'a daban, gaskiya daban. Tambaye ni, na zauna gaban kwamiti.

Anti Nas: Malam don Allah mu haɗa kuɗi mu saya maka sifikar nan ka huta.

Mai Shayi: Ni tambaya gare ni. Wai da gaske Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar Queen, Musulmi ne? Wani kwastoma ya rantse mini, ya ce ɗan Zanzibar ne.

Kawu Mai Faifai: A Zanzibar aka haife shi a 1946, wannan gaskiya ne, sunansa na yanka Farrokh Bulsara. Amma iyayensa Farisawan Indiya ne mabiya addinin Zoroaster. Juyin juya halin 1964 ne ya kore su zuwa Ingila. Ka gaya wa kwastoman ya yi kaffara.

Mai Shayi: Ai bashi ma nake bin sa.

Anti Nas: Waƙarsu Bohemian Rhapsody dai ko me addininsa ta isa. Kusan minti shida, babu amshi, ta fara da kuka ta shiga opera ta faɗa rock ta koma kuka, kuma ta yi mako tara a saman jadawalin Ingila.

Badamagare: Hayaniya ce.

Anti Nas: Kai da jitarka ke kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa kake cewa hayaniya?

Direban Dare: Tunda an gama zagin kowa, a dawo kan tawa. Ustazu ya taɓa ce mini Hotel California waƙar cocin shaiɗan ce, wai in an juya kaset baya ana jin abubuwa.

Ustazu: Haka na ji.

Kawu Mai Faifai: Jita-jita ce tsohuwa, masu wa'azin Amurka suka yaɗa ta. Don Henley, wanda ya rera ta, ya sha faɗa cewa a kan rayuwar holewa da almubazzaranci ta Los Angeles ce, daɗin da ke jawo mutum ya shiga sannan ya kasa fita. Kiɗan ma da farko Mexican Reggae suka laƙaba masa, saurari yadda jitar ke sara za ka ji ƙamshin reggae. Jita biyun ƙarshe, Don Felder da Joe Walsh, ɗaya na faɗa ɗaya na amsawa har su haɗe. Batun juya kaset kuwa, mun juya da biro har yatsa ya yi ƙanta, ba mu ji komai ba sai kaset da ya tsinke muka liƙe da jan farce.

Direban Dare: Alhamdulillah. Ustazu ka biya ni shekara uku da na yi ina jin ta ina istigfari.

Ustazu: Istigfarin bai ɓaci ba, kana da sauran laifuka.

Mai Shayi: Ni na je wajen masu tura waƙa a kasuwa na ce a cika mini memori da rock. Na dawo gida na kunna, Don Williams ne da Kenny Rogers tun daga farko har ƙarshe. Na koma, yaron ya ce ai duk Bature mai jita ɗaya ne.

Admin: A daina turo bidiyo mai nauyi don Allah, sunan waƙa ya isa. Wanda ya turo kiɗan bikin waƙoƙin Woodstock na minti goma ya san kansa.

Badamagare: Ba zan ba da haƙuri ba.

Ɗan Situdiyo: Kawu, wata magana a gefe. Faifan Ofege da na BLO ɗin nan da ka ambata, suna nan a wurinka har yanzu? Akwai gangar da nake son in yanka, na intanet duk sautin ya mutu. Kwana biyu kawai, ni zan zo in ɗauka in dawo da su da hannuna.

Kawu Mai Faifai: Suna nan cikin akwati, kowanne da rigarsa. Wanda ya ari Santana ɗina ma kwana biyu ya ce, yanzu yana da jikoki. Ka zo gida bayan la'asar, garmahon na aiki, ka zo da na'urarka ka ɗauka a gabana.

Ɗan Situdiyo: Kawu ko guda ɗaya?

Kawu Mai Faifai: Ko kwalinsa.